Kocin da bai taɓa taka ƙanƙara ba

Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Ina da ciwon tsara wa wata ƙungiya 'yan wasanta, ƙungiyar da ba ta san da zamana a duniya ba. Ƙungiyar ita ce Toronto Maple Leafs ta wasan hokin ƙanƙara a Kanada, ciwon kuwa ya kama ni ne bayan da neman abinci ya zaunar da ni a birnin Toronto. Ban iya tsayuwa a kan takalmin sulun ƙanƙara ba, sandar wasan ma sai dai in hange ta a hannun yaran unguwa. Amma a ba ni biro da bayan ambulan, kafin shayi ya huce na fitar da jerin 'yan wasan da za su ɗauko kofin Stanley. Daga nan kuma in yi fushi na gaske idan kocin da ake biya miliyoyin daloli ya ƙi bin tsarin da bai taɓa gani ba.

In za a yi mini adalci, shi ma wasan yana da nasa laifin. Kowace ƙungiya tana shiga da mutum 20: 'yan gaba 12 da aka kasa sahu huɗu na mutum uku-uku, 'yan baya shida da ke fita biyu-biyu, sai masu tsaron gida biyu. Mutum shida ne kawai na kowane ɓangare ke kan ƙanƙara a lokaci guda, kuma saboda tsananin gudu, da wuya sahu ya wuce minti ɗaya bai koma benci ba, wani sahun ya diro ana tsakiyar wasa. Saboda haka tambayar wa za a haɗa da wa ba ta ƙarewa. Ana buga wasa sama da 80 a kowace kaka har zuwa Afrilu, kuma kusan kowace safiya 'yan jarida na tsaye a wurin atisaye suna sanar da duniya cewa an sauko da wane daga sahu na biyu zuwa na uku. Mai hankali ya ji wannan labari ya wuce harkarsa. Ni kuwa nan nake ajiye aikin da ake biyana dominsa in shiga nazarin abin da koci yake nufi, da abin da yake ɓoyewa, da dalilin da ya sa bai tuntuɓe ni ba.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne baƙin cikin da nake ɗauke da shi ba nawa ba ne, aro na yi. Leafs ta ci kofin sau 13, na ƙarshe a 1967, lokacin da gasar NHL take da ƙungiyoyi shida kacal. Yau 32 ne, kuma babu wadda ta kai ta daɗewa tana jira. Ba a haife ni a garin ba, babu kakan da ya ɗora ni a kafaɗa zuwa filin wasa, amma idan na buɗe baki sai ka ji ina cewa “mun sha wahala”. Har ina ba da labarin wasa na bakwai, na ƙarshe a zagayen fidda gwani na 2013 da Boston, ranar da Toronto ke gaba da ci 4 da 1 a kashi na ƙarshe aka zo aka farke, aka doke ta 5 da 4 a ƙarin lokaci, kamar ina wurin aka yi. Akwai wani dattijo maƙwabcina da ya ga bikin 1967 da idonsa yana yaro. Shi idan an sha kashi kashe talabijin yake ya kwanta. Ni nake kwana ina juyi, gari ya waye in je in yi masa ta'aziyya, ya ɓuge da ba ni haƙuri.

Gardamar da ta cinye mini shekaru ita ce ta manyan nan huɗu. An zaɓo William Nylander a 2014, Mitch Marner a 2015, Auston Matthews kuwa shi ne na farko a zaɓen matasan 'yan wasa na 2016, kuma ya zura ƙwallo huɗu a wasansa na farko. A 2018 aka ɗauko John Tavares a kan dala miliyan 77 na shekara bakwai. To a gasar NHL akwai iyakar abin da ƙungiya za ta kashe a albashin 'yan wasanta gaba ɗaya, komai arzikin masu ita. Annobar korona ta sa iyakar ta tsaya cak a dala miliyan 81.5 har kaka uku, alhali waɗannan mutum huɗu su kaɗai suna kwashe kusan rabinta. Sauran rabin ne za a raba wa mutum kusan ashirin, har da 'yan baya da masu tsaron gida. Na haddace waɗannan alƙaluma tamkar zan zauna jarrabawa. Na san albashin ɗan bayan da ke zaman benci, na san shekarar da kwantiraginsa zai ƙare. Wata rana uwargida ta leƙo takardar da nake ta zane a kanta, ta ce, “Maigida, tunda Allah ya hore maka lissafi haka, ko za ka duba mana na cefanen watan nan?” Na ce mata wannan wani fanni ne daban.

Magoya bayan Leafs sun kasu gida biyu a kan wannan magana. Akwai 'yan lissafi, masu cewa gwanin da ke zura ƙwallo 60 a kaka ɗaya, kamar yadda Matthews ya yi a 2022, har ya kai 69 a 2024, ba a samun irinsa a kasuwa, kuma zagayen fidda gwani na wasa bakwai gajere ne ƙwarai, sa'a na iya juya shi. Akwai kuma 'yan gargajiya, masu cewa idan Afrilu ta zo aka shiga fidda gwani alƙalan wasa sukan sassauta busa, fili ya ƙuntace, sai mai ƙashi da taurin rai yake kai labari, don haka gara a sayar da gwani ɗaya a sayo ƙarti uku. Kowane ɓangare yana da hujja. Ni matsayina ya danganta ne da wanda na tarar a wurin shan shayin ofis. In ɗan lissafi ne, sai in zama ɗan gargajiya, in tuna masa 2021, lokacin da Toronto ta ci Montreal wasa uku cikin huɗun farko amma aka fitar da ita. In ɗan gargajiya ne, sai in fito da alƙaluma, in tuna masa cewa waɗannan yaran da yake rainawa su suka fitar da Tampa Bay a 2023, karo na farko da ƙungiyar ta tsallake zagaye tun 2004. Akwai ranar da na kare ra'ayi da safe, na rushe shi da la'asar, kuma duk biyun har da buga tebur.

Akwai abin da ya faru a watan Fabrairun 2020 da ya isa ya warkar da duk mai irin ciwona. Carolina ta zo Toronto, masu tsaron gidanta biyu duka suka ji rauni, dole aka kira mai jiran ko-ta-kwana na filin, David Ayres, ɗan shekara 42, wanda aka fi sani da tuƙa motar gyaran ƙanƙara. Harbi biyun farko suka shige shi, ya tare takwas da suka biyo baya, Carolina ta ci 6 da 3. Darasin a fili yake: wasan nan ya fi ƙarfin takarda da biro. Amma ni abin da na ɗauka daban ne. Cewa na yi tunda direba ya tsare gida ya yi nasara, me zai hana ma'aikacin ofis ya tsara sahu? Na kuma yi kunnen uwar shegu da cewa bawan Allah nan ya daɗe yana tsaron gida, har atisaye yakan yi da ƙwararru.

Lokacin hutun gasa ciwon ya fi tsanani, domin a lokacin babu wasan da zai ƙaryata ni. Nan nake komawa kan matasa masu tasowa. Yaron da ban taɓa kallonsa wasa ɗaya cikakke ba, sai guntun bidiyo na minti biyu da aka tace aka bar abubuwan burgewa, shi nake rantsuwa zai ceci birni. Haka na yi da Easton Cowan tun da aka zaɓo shi a 2023 yana buga wa London Knights ta matasa: na ɗora shi a sahun farko a takardata tun kafin ya tsayar da gemu. Daɗin matashi shi ne bai taɓa ba ka kunya ba tukuna. Idan kuma kaka ta fara da tangal-tangal, ina da laya guda da nake ɗaurawa: St. Louis tana can ƙasan teburi a farkon Janairun 2019, amma ta ɗauki kofin a watan Yuni, kuma kocinta na lokacin, Craig Berube, shi Toronto ta ɗauko a 2024. Ban taɓa zama na ƙirga ƙungiyoyin da suka kasance a ƙasan teburi a Janairu suka kuma ƙare a ƙasan teburi ba. Wannan lissafin bai dace da buƙatata ba.

Ga kuma wadda ta fi duka muni, wadda ban taɓa faɗa wa dattijo maƙwabcina ba. Idan koci ya saɓa wa tsarina aka ci wasa, murnata ba ta cika. Idan ya saɓa aka sha kashi, akwai wani ɗan sanyi da ke ratsa zuciyata a ƙarƙashin baƙin cikin. A watan Mayun 2025, da Florida ta zo har gida ta lallasa Toronto 6 da 1 a wasa na bakwai, wasu 'yan kallo suka riƙa jefa rigunan ƙungiyar kan ƙanƙara don takaici, ni kafin a tashi na riga na tanadi “ai na faɗa” guda uku, kowace da wanda zan kai wa washegari. Mai son ƙungiya tsakani da Allah so yake ta ci ko da ra'ayinsa zai faɗi. Ni da alama gaskiyata nake goyon baya, Leafs kuwa filin da take wasa ne kawai.

Shekara da shekaru maganata ɗaya tilo da ba ta cika sauyawa ba ita ce a rabu da Marner: albashinsa ya yi yawa, ba ya tashi a manyan ranaku. Ƙarshen Yunin 2025 sai aka biya mini buƙata. Ya koma Vegas a kan dala miliyan 96 na shekara takwas, aka karɓo Nicolas Roy a madadinsa. Abokan gardamata suka zo taya ni murna, suna cewa yau dai hankalin Malam ya kwanta. Na dube su da mamaki na ce, wane irin shugabanci ne zai saki ɗan gari, wanda ya tara maki 102 a kakar da ta wuce, ya karɓo ɗan sahu na uku? Ɗayansu ya ce, “Haba Malam, ba kai ka dame mu a sayar da shi ba?” Na ce ni cewa na yi a sayar da shi, ban ce a rasa shi ba. Ya buɗe baki zai yi magana, ya fasa, ya ɗauki kofin shayinsa ya koma kan aikinsa.