Sarkin Noman Bokiti na Gwange

Kuɗin cefane ne ya jefa ni noma. Bayan ƙaramar Sallar 2024 tumatir ya yi tsadar da sai ka yi sallama kafin ka taɓa shi. Wata Asabar na shiga kasuwar Gamboru, na nuna wani ɗan kashi mai 'ya'ya huɗu, biyu ma sun fara hawaye, mai kayan ya faɗi kuɗinsa. Na ce masa ko har da tiren yake sayarwa? Ko murmushi bai yi ba. Ya ce tsutsa ce ta cinye gonakin Kano, in ban saya ba in matsa, akwai mutane a bayana.

A daren nan na ci karo da wani Bature a waya, yana nuna tumatir da ya shuka a bokiti, 'ya'ya sun yi masa nauyi har sai da ya tokare shi da sanda. Na kalla sau uku. Abu ɗaya ne ban lura da shi ba: mutumin rigar sanyi ce a jikinsa. Ni kuwa a Maiduguri nake, a watan da zafi ke haura digiri 40, lokacin da ko ƙadangare sai ya ɗaga ƙafa ɗaya yake tsallaka tsakar gida.

Da safe na tara iyali na yi jawabi. Na ce daga bana gidan nan ya daina sayen kayan miya. Uwargida tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba, ta ce, "Allah Ya ba da sa'a, Malam. Amma ka ajiye na yau tukuna."

Na sayo baƙaƙen robobi shida a Monday Market, domin su ne masu araha. Na roƙi bokitan fenti huɗu a wani gini da ake yi a layinmu, na haɗa da jarka biyu da na yanke wa kai. Tun da aka hana hawa babur a garin nan a 2011, komai Keke Napep ke ɗauka, to haka na cika ta maƙil, ni kaina a gefen direba na raɓa. Ya dubi kayan ya ce, "Biki za a yi ne?" Na ce noma. Ya yi shiru har unguwarmu Gwange.

Ƙasa na ɗebo ta a bayan gida. Taki kuwa wani abokina mai kiwon kaji ya ba ni buhu guda, ɗanye sharaf, wanda aka kwashe a ranar. Na ce ai gaba ta kai ni, sabo ya fi tsoho a komai. Kwana biyu maƙwabta suna leƙowa suna tambaya ko wani abu ne ya mutu a gidan. Iri kuma na matse shi daga tumatir ɗin nan masu hawaye da na sayo, don kada a yi asara biyu.

Sai ruwa. Wanda bai zauna a Maiduguri ba ba zai gane matsayin mai moya ba, wato mai tura kurar jarkoki da a Kano ake ce wa ɗan ga-ruwa. Da can sau ɗaya yake zuwa gidanmu a yini. Da na fara noma ya koma sau uku. Cikin mako guda ya daina ce mini Malam, ya koma Alhaji.

Irin ya tsiro, ba zan yi masa ƙarya ba. Na ɗauki hoto na tura wa 'yan ofishinmu. Kwana goma bayan haka ganyen ya yi rawaya, ya langaɓe, bokitan suka fara warin kwata. Na ƙara ruwa, tunda a sanina duk abin da ya langaɓe ƙishi yake ji.

A nan ne Iya ta shigo labarin. Tsohuwa ce da ke zaune a gidan da ke jikin namu tun watan Janairun 2015, lokacin da aka tarwatsa Baga suka taho da ƙafa. Ta yi shekarun da suka fi nawa tana noma a bakin Tafkin Chadi, inda ake bin ruwa yana janyewa ana shuka masara da wake a danshin da ya bari. Ta shigo aron turmi, ta ga gonata, ta tsaya. Ta tura hannu cikin baƙar roba ɗaya, ta fizge shi da sauri.

"Ɗana, shuka kake yi ko dahuwa?"

Ta karkata bokitin fenti, ta leƙa gindinsa. "Ina hujin?"

Na ce wane huji, Iya? Ai sabo ne, ba ya yoyo.

Ta zauna a kan turmin da ta zo ara, ta yi dariya har da share ido da bakin mayafi. Sannan ta karanta mini laifuffukana ɗaya bayan ɗaya kamar a gaban alƙali. Saiwa tana numfashi, in ruwa ya kwanta a gindin bokiti ruɓewa take yi. Baƙar roba tana shan rana, ƙasar ciki ta zama murhu. Ɗanyen kashin kaji wuta ne, sai ya kwana biyu a tare ya huce ya koma kamar ƙasa kafin a kai shi kusa da tsiro. Babban laifin kuma, tumatir ɗan hunturu ne. A bazara ko ya rayu ya yi fure, furen zubewa yake yi, ba ya ɗaura ɗa. "Ka taɓa ganin masu lambun bakin madatsar Alau suna dashen tumatir a wannan wutar?" Ban taɓa zuwa ba ma, amma na ce a'a.

Ta kai ni bayan ɗakinta. Yagaggun buhunan shinkafa ne guda biyar da wani fasasshen baho a inuwar darbejiya, alayyahu da yakuwa sun yi shar kamar an shafa musu mai. Ba ta sayen ruwa dominsu. Ruwan wankin shinkafa da na alwala take zuba musu. Ko sisi ba ta kashe ba.

Cikin duk abin da ta faɗa, huji ne ya fi zauna mini. Na dawo gida na ɗora ƙusa a kan wuta. Akwai wani daɗi da mutum ke ji idan jan ƙarfe ya ratsa roba, wanda bai gwada ba ba zai sani ba. Na huda shida, na huda huɗu, na huda jarkoki. Hannu ya saba. Na waiga na ga bokitin wanki, na ce ai kuɓewa za ta so shi. Na ga na wanka. Daga ƙarshe na ga wani babban baho mai ruwan ɗorawa a bayan ƙofa, na yi masa huji tara masu kyau. Ashe cikin kayan ɗakin uwargida yake, gwaggonta ce ta saya mata. Kwana uku ana miƙo mini tuwo ba a kallon fuskata.

Da damina ta sauka na bi maganar Iya, na zuba kuɓewa da alayyahu da rama. Alayyahu ba ya ba mutum kunya, mako huɗu ya isa yanka. Ranar da na sa za a yanka, akuyar maƙwabci ta riga mu. Ta bar mini kara, da 'yar shaidar ziyara a bakin zaure.

Sai daren 10 ga Satumba, da madatsar Alau ta ɓalle. Wannan ba wurin wasa ba ne. Ruwa ya ci Gwange, ya shiga Monday Market da fadar Shehu, har namun gidan zu na Sanda Kyarimi suka fito gari. Dattawa suka ce rabon da a ga irinsa tun 1994. Mun fita da yara a kafaɗa, Iya a tsakiyarmu, wadda karo na biyu ke nan tana barin gida da kayan jikinta kawai. Mun tsira da rai, alhamdu lillahi, wasu ba su samu haka ba.

Da ruwa ya janye muka dawo, laka ta kai ƙwauri a kowane ɗaki. Duk layin kowa ya duƙufa yana kwasa da bokiti. Uwargida ta ɗauki na farko ta kamfato, kafin ta kai ƙofa ya tsiyaye mata a ƙafa. Ta ɗauki na biyu, haka. Na uku, haka. Goma sha biyar ne a gidan, babu ɗaya mai riƙe ruwa. Ta miƙe, ta riƙe bahon gwaggo ta ɗaga shi sama, rana ta leƙo ta huji tara. Ta ce, "Sarkin Noma, bismilla." Da kwanon tuwo na kwashe falo.

Mai hankali da nan ya tsaya. Ni a watan Nuwamba na sake dashe, wannan karon da ruɓaɓɓen taki, da yashi a gauraye, na naɗe robobin da buhu, Iya tana zuwa duba aiki kamar malamin gona. Fara ta sauko ta ci rabi. Na je na sayo soyayyiya da yaji na zauna a gaban bokitan na ci, don 'yan uwanta su gani.

A watan Fabrairun 2025 na tsinki tumatir bakwai, jajaye, lafiyayyu. Na jera su a faranti ina jiran uwargida ta dawo daga kasuwa. Ta shigo da yaro a bayanta ɗauke da kwando. Lokacin kakarsa ne, tumatir ya cika gari, masu shi har roƙon mutane suke yi. Ta dubi farantina, ta ɗauko biro ta lissafa robobi, da kuɗin Keke, da na mai moya, da bahon gwaggo, ta raba gida bakwai. Ta ce kowane ɗaya ya kusa kuɗin kaza.

Ba ta sa su a miya ba. Ta ce irin wannan ba a markaɗa shi, sai dai a kai wa Iya ta gani. Iya ta juya ɗaya a hannu, ta ce ba laifi, ta miƙa wa jikanta ya cinye a tsaye.

Sabon bokitin da uwargida ta sayo kuwa, har yau a ɗakinta yake kwana.