Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hanyar Tawa Zuwa Agadas

Daga Agadas, ƙasar Abzin.

Zuwa ga mai girma Hanyar Kwalta, wadda ta taso daga Tawa, ta ratsa Tabalak da Abalak, ta iso Agadas, ta zarce Arlit.

Bayan gaisuwa mai yawa, irin wadda ƙarami ke yi wa babba, ina gaishe ki da zafin rana, ina gaishe ki da hunturu, ina gaishe ki da nauyin da kike ɗauka dare da rana. Ya gajiya? Ya ɗawainiya? Mu nan lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba. Abin da ba a rasa ba ɗin kuwa, ranki ya daɗe, ke ce.

Na san ba ki ji. Direbobi sun yi miki magana da ƙaho, 'yan kasuwa sun yi miki da kuka, tsofaffin mata sun yi miki da salati a duk ramin da mota ta faɗa, ko gezau ba ki yi ba. Shi ya sa na ɗauko alƙalami, ko rubutu zai kai inda murya ta kasa.

Bari in fara tuna miki garin da kike zuwa, don ina zaton kin manta darajarsa. Agadas hanya ce ta haife shi. Tun ƙarni na 15 sarautar Abzin ta zauna a nan, saboda nan ne ayarin arewa ke haɗuwa da ayarin Kano da Katsina, nan kuma madugai ke ɗaura kaya su doshi Fashi da Bilma su dawo da kantun gishiri da dabino. Babban masallacinmu na ƙasa tun wajen 1515 yake, an sabunta hasumiyarsa a 1844, tsawonta mita 27, kuma har yau daga nesa ita matafiyi ke fara hangowa ya ce alhamdu lillahi. Bature ɗan Jamus, Heinrich Barth, ya sauka garin nan a 1850, ɗakin da ya kwana yana nan ana nuna wa baƙi. Kawusan, jagoran mayaƙan Abzinawa, ya yi wa sojan Faransa ƙawanya a nan daga ƙarshen 1916 zuwa farkon 1917. A 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin, da unguwanninsa 11, cikin kayan tarihin duniya. Mutum sama da 100,000 aka ƙidaya a cikinsa a 2012. Ƙofar wannan gari aka damƙa miki, ki tsare.

Kukana na farko a kan lokaci ne. Tsakanin Tawa da nan kilomita 400 ne da 'yan kai. Ina yaro, mahaifina kan yi asuba a Tawa, mu ci abincin rana tare da shi a gida. Tafiyata ta ƙarshe na yi asuba a Tawa, na tsaya Tabalak na sayi soyayyen kifin tafki da niyyar kai wa yara da ɗuminsa, ban ga hasumiya ba sai da aka idar da lisha. A wurare da dama direbanmu sauka ya yi daga kanki, ya bi rairayin gefe, domin rairayin ya fi ki laushi. Ki duba wannan magana da kyau. An shimfiɗa ki don a huta da rairayi, yau rairayi ake gudu wurinsa don a huta da ke.

Na biyu, kayan lambu. Wanda bai san Abzin ba yana zaton dutse ne da ƙura kawai. Ya je Tabelot ya ga albasa shimfiɗe a rana har iyakar ganinsa. Ya hau Bagzan, inda ƙololuwar da ta fi kowace tsawo a Nijar take, mita 2,022, ya ga ƙauyuka a saman dutse suna noman dankalin Turawa da tafarnuwa, jakuna na saukowa da buhuna ta hanyar da mota ba ta iya bi. Ya je Timiya ya ga lemo da rumman da dabino a tsakiyar baƙaƙen duwatsu. Manomin nan ya ja ruwa daga rijiya, ya tsare shukarsa daga ɓarna, ya sauko da ita lafiya daga dutse, sai ya miƙa miki. Na taɓa tsayawa a kan wata babbar mota da ta karye a jikinki, cike da albasa. Kwana uku tana jiran ƙarfe daga Tawa. Ruwa na tsiyaya daga ƙasan buhunan, mai kayan yana zaune a inuwar taya ya rafka tagumi. Noman shekara guda ne ke tsiyayewa a gabansa, ko gaisuwata bai iya amsawa ba.

Na uku, marasa lafiya. Wannan ba zan tsawaita ba, don zuciyata ba ta ɗauka. Na raka yayata zuwa Yamai da ciwon da aka ce sai can. Kowane rami sai ta damƙe hannuna, tun tana cewa wayyo har ta koma sai dai ta rufe ido. Allah Ya ba ta lafiya, amma ta rantse ko ciwon ya dawo ba za ta sake bin ki ba. Mace ta zaɓi ciwo a kan hanyar asibiti, ranki ya daɗe. In kina da kunya, a nan ya kamata ki ji ta.

Na huɗu, baƙi. A nan zan yi miki adalci, don ba na son a ce na ɗora miki laifin wani. Ba ke kika kori Turawa masu yawon buɗe ido ba. Akwai lokacin da jirage ke sauke su kai tsaye daga Faransa, tseren motocin Paris zuwa Dakar na ya da zango a nan, jagorori na kwasar su zuwa duwatsu da hamadar Tenere. Tawayen 2007 da sace mutane a Arlit a 2010 su suka yanke wannan. Jagorori da yawa sun koma jigilar matafiya zuwa Libiya, wasu sun bi zinariyar da ta ɓulla a Jado a 2014. Maƙeran da ke ƙera gicciyen Agadas na azurfa, da dukawa masu jaka da takalma, da masu haɗa sirdin raƙumi, suna nan a rumfunansu suna kakkaɓe ƙura daga kayan da ba mai taya su.

To amma Bature kaɗai ne baƙo? Ina ɗan Maraɗi da ɗan Dosso? Ina Bagobiri, wanda kakanninsa ke ba da labarin cewa daga Abzin suka gangaro? Ina Bakano da Bakatsine, waɗanda turkuɗinsu ya rina fuskokin Abzinawa shekaru aru-aru? Waɗannan ba su da jirgi, ke suke da ita. Su ya kamata su cika garin nan a watan Muharram lokacin bikin Biyanu, su ga samari da manyan rawuna suna rawa da ganyen dabino a hannu. Su ya kamata su karkata Ingal a ƙarshen damina, lokacin da Abzinawa da Fulani ke kawo dabbobinsu lasar gishiri. Tsohon da ke fama da sanyin ƙashi ya kamata ya kai kansa ruwan zafin Tafadek. Ɗan makaranta ya kamata ya tsaya a Dabus, kusa da reshenki na arewa, ya ga raƙumin dawa mai tsawon sama da mita 5 da mutane suka sassaƙa a dutse dubban shekaru da suka wuce, ya gane cewa wannan hamada ta taɓa zama ƙasa mai ruwa da ciyawa. Na gayyaci aminina daga kudu sau uku. Kullum amsarsa guda ce: yana so, amma bayansa ba zai iya ba. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Ke kuwa kin karya ƙafar.

Na biyar shi ne wanda ya fi ci mini rai, kuma shi ne asalin sauran. Na san dalilin haihuwarki. An fara haƙar yuraniyom a Arlit a 1971, a ƙarshen shekarun 1970 aka shimfiɗa ki don a fitar da shi zuwa tashar jiragen ruwa ta Kwatano, har sunansa aka laƙaba miki. Shekara da shekaru kin ɗauki arzikin ƙasar nan a gadon bayanki kin kai shi teku, ya haska fitilun biranen da ba su taɓa jin sunan Abalak ba. Manyan motoci sun cinye ki, ruwan damina ya kwashe gefenki, aka bar ki da faci nan, faci can. Ban yarda a ce hanyar da ta iya fitar da wannan dukiya ta kasa shigo da baƙo, ta kasa fitar da albasa, ta kasa kai mara lafiya asibiti ba. Ban yarda ba, kuma ba zan yarda ba.

An ce mahaƙurci mawadaci. Mun yi haƙurin. Mu jikokin mutanen da ke ratsa Tenere da raƙumi da salka ne, ba wanda zai koya mana jimiri. Amma kakana madugu ya san ranar da zai tashi, ya san rijiyar da zai kwana, ya san ranar da zai iso Bilma. Ni da nake da kwalta da injin mota, in iyalina suka tambaye ni yaushe zan iso, ba ni da amsa sai in Allah Ya yarda. Tura ta kai bango, ranki ya daɗe.

Roƙona guda ne, kuma ina yin sa da babbar murya don masu iko da ke su ji, tunda ke ba ki ji. A tone ki tun daga tushe, daga Tawa har Arlit, a yi miki gadoji da magudanai inda ƙoramu ke yanka ki, a auna nauyin motocin da ke hawanki, a ajiye masu kula da ke kowace shekara kamar yadda muke taruwa muna yaɓe masallacinmu. Ginin ƙasa ne, ya haura shekara 500 a tsaye saboda ba a bar shi ba ko sau ɗaya. Ke ba ki kai 50 ba.

Ranar da aka yi haka, ni da kaina zan je Tawa in ɗauko aminina, in tsaya Tabalak in sayi kifi, in kawo wa jikokina shi da ɗuminsa, sannan in hau da baƙona saman hasumiya kafin la'asar, in nuna masa duwatsun Abzin da yatsana.

A gaida Tabalak, a gaida Abalak, a gaida duk wanda ke kwance a gefenki a daren nan yana jiran ƙarfe.

Wassalam.

Naki, wanda ba shi da wata hanyar gida sai ke,
Wani ɗan Agadas.