Farfesun Bunsuru a Daren Cubs

Maƙwabcina a Shikago wani dattijon Bature ne da ya gaji son ƙungiyar besbol ta Cubs daga ubansa, uban kuwa har ya koma ga Mahaliccinsa bai ga kofi ba. Kafin wannan dare, rabon Cubs da lashe gasar World Series tun 1908. Da aka zo wasa na bakwai, na raba gardama, tsakaninsu da Indians na Cleveland ran 2 ga Nuwamba 2016, sai dattijo ya gayyace ni kallo a falonsa. Ni kuwa ba na shiga gidan mutane hannu rabbana. Uwargida ta dafa farfesun bunsuru, ya ji citta da masoro, ta zuba a kula.

Ilimina na besbol bai wuce wannan ba: wani ya yi jifa, wani ya maka wa ƙwallo kulki ya zura da gudu, sauran su tsaya suna tofar da yawu. Zagaye tara ake yi. Amma na iya karanta lamba, kuma a zagaye na takwas Cubs na da 6, Indians 3. Na ce ai magana ta ƙare, na buɗe kula. Ƙamshi ya cika falo.

"Ɗana, naman mene ne wannan?" in ji dattijo.

"Bunsuru ne, Baba, riƙaƙƙe!" na faɗa ina ƙirga masa tsoka a kwano.

Falo ya yi tsit. Kafin in ajiye ludayi Indians sun ƙara ɗaya. Can sai wani Rajai Davis ya daki jifan Aroldis Chapman, ƙwallo ta tsallake katanga, aka koma 6 da 6. Duk idanu suka bar talabijin suka dawo kaina.

Jikar dattijo ce ta yi mini bayani da raɗa. A 1945 wani mai mashaya, Billy Sianis, ya je filin Wrigley da bunsurunsa, aka kore su, wai don wari. Mutumin ya yi wa Cubs baki, kuma tun daga shekarar ba su sake kaiwa World Series ba sai a wannan karon. Su da ke ce mana masu camfi! Aka raka ni baranda, ni da kula, cikin ladabi, aka murza makulli.

Zagaye na tara ya ƙare kunnen doki, dole a ƙara wani, sai ruwa ya sauko a Cleveland, aka tsayar da wasa minti 17. Ni ina waje iskar Nuwamba na kaɗa ni, ina leƙen talabijin ta taga. Da sanyi ya ishe ni na yi bisimilla. Ina cikin tsotsar ƙashi a zagaye na goma Ben Zobrist ya yi bugun da ya sa Cubs gaba, gida ya kaure da ihu. Davis ɗin nan ya sake rage tazara, na ga dattijo ya juyo yana hararar taga, na ƙara himma. Aka tashi 8 da 7.

Ƙofa ta buɗe, dattijo ya rungume ni yana kuka, ya leƙa kula ya ga ƙasusuwa zalla, ya shelanta wa jama'a cewa ni na cinye la'anar. Tun daga 2016 Cubs ba su sake ɗaukar kofin ba, shi kuma duk Oktoba sai ya ƙwanƙwasa mana ƙofa ya tambayi uwargida kuɗin bunsuru.