Gem Ya Birkice a Briqueterie

Alhaji, gyara zama, kuma don Allah rage wannan harara. Na san abin da ke bakinka. Ɗan ƙanenka ya cinye hutu guda yana haɗa na'urar buga gem ta riƙewa a hannu, ya kunna ta gaban jama'a, allo ya yi fari fat, kai kuma ka samu na kai wa majalisa: "Dama na faɗa." Me ka faɗa? Ka ce wasan yara ne?

To, wasan yaran nan kamfanin Nintendo na Japan ya fitar da shi a 1989 da sunan Game Boy, batir huɗu, allo ko launi babu. Shi da ƙanensa mai launi an sayar da sama da miliyan 118. Ka ce ai can Japan ne? A nan Yawunde, Olivier Madiba da abokansa na Kiro'o Games sun fitar da gem mai suna Aurion a 2016, aka buga shi har ƙasashen waje. Kai a 2016 me ka fitar, ban da tumbi?

Bari in gaya maka abin da ke cikin akwatin da kake yi wa dariya. Akwai 'yar kwamfuta mai suna Raspberry Pi Zero, wadda aka fitar a Ingila a 2015 kan dalar Amurka 5. Akwai ƙaramin allo, batir, 'yar faranti mai yin caji, wata mai ɗaga ƙarfin wuta, maɓallai, lasifika, da katin memori mai ɗauke da manhajar RetroPie. Duk waɗannan yaron ya haɗa su da dalma da hannunsa, a ɗakin da kai ko ƙwan fitila ya mutu sai ka aika a kira wani.

Ka ce kambun baka ne ya kama ta, tunda ya yi ta nuna wa mutane? Subhanallahi! Kafin ka tura a ɗauko mai ruƙiyya, a ɗauko mitar gwajin wuta. Batirin irin wannan in ya cika yakan nuna bolt 4.2, yawancin aikinsa a 3.7 yake yi, in ya gangaro kusa da 3 ya gaji. Kwamfutar kuwa bolt 5 ake ba ta, shi ya sa aka sa mai ɗagawa a tsakani. A ɗora mita a bakin batir, a ɗora a bayan mai ɗagawa, a ɗora a ƙafar kwamfutar. Inda lamba ta faɗi, nan mai kambun bakan yake zaune. Sau da yawa ma za ka tarar tsohon batir ne da aka ciro daga mataccen laftof: a zaune yana nuna ƙarfi, da an ɗora masa allo da lasifika sai ya durƙusa. Shi ne dalilin da na'urar ke mutuwa ta sake tashi daidai lokacin da aka ƙara sauti. Kuma Zero ba ta da ladabin manyan yayyenta masu nuna alamar walƙiya a allo in wuta ta yi ƙasa. Ita dai kawai ɗif.

Na ga ka ɗaga hannu. A'a, Alhaji, sauke. Ka ce rediyonka shekara da shekaru da mari kake gyara ta, kuma tana ji? Na yarda tana ji. Amma ka san me marin ya tona? Liƙin dalma ne bai kama ba. Waya tana taɓa ƙarfe ba tare da ta manne ba, ka buga ta koma wurinta, gobe ta sake zamewa. Liƙi mai kyau yakan kwanta sumul ya rungume ƙafar ƙarfen. Maras kyau yakan dunƙule a sama, ya yi duhu, wani lokaci da 'yar tsaga da sai da gilashin ƙara girma ake ganinta. Ga damshin garin nan mai damina biyu a shekara, yana bi yana sa masa tsatsa. Maganinsa a sake ɗora ƙarfen liƙi mai zafi a ƙara 'yar dalma. A Briqueterie kake, unguwar teloli, ka fi ni sani: in hammatar babbar riga ta kwance, wurin ake bi da allura, ba a dukan rigar, ba a kuma jefar da ita.

Mu koma kan farin allon da ya ba ka dariya. Ka ce alamar mutuwa ce? Gawa ba ta haske, Alhaji. Fitilar bayan allo wuta kawai take buƙata, ta samu ta kama. Abin da bai iso ba shi ne saƙon hoto, kuma wayoyi 'yan ƙalilan ne ke ɗauke da shi. Ɗaya ta tsinke, ko yaron ya musanya biyu da dare yana gyangyaɗi, ko kuma manhajar ba a gaya mata irin allon ba. Yadda za a raba gardama: a jona kwamfutar da talabijin ta ƙaramar ƙofar HDMI. Hoto ya fito, laifin allo ne da wayoyinsa. Bai fito ba, a dubi koriyar fitilar da ke jikin kwamfutar, a kuma tuhumi katin memori. Akwai na jabu da aka rubuta musu girman da ba su da shi, sai an cika su abin da ke ciki ya lalace.

Maɓallai sun fi sauƙi. Ɗaya ya ƙi, wayarsa ce. Duka sun yi yaji lokaci guda, wayar ƙasa ce da suka yi tarayya a kanta. A sa mita a wurin da take ƙara, a danna: ta yi tsiii, hanya a buɗe take.

Ka ce duk wannan surutu ne, kayan China ne kawai? Wayar da ke aljihunka fa, a Makka aka ƙera ta? Ka ce to ya je Avenue Kennedy ya sayo sabuwa a kwali mana, ya huta? Zai iya. Amma ranar da ta kwalin ta lalace, wurin wa za a kai? Wurin irin yaron nan dai, mai ƙonannen yatsa, kuma a lokacin da kuɗi zai duba maka.

Wuri biyu ne kawai zan ba ka gaskiya, kada ka saba. Batirin da ya kumbura, ko yake zafi ba a kan aiki ba, a cire shi a nisanta shi da katifa, kada a huda, kada a sake caji, don irinsa na kamawa da wuta. Sannan ƙafafun saƙo na kwamfutar bolt 3.3 suke ɗauka, wanda ya kai musu 5 bisa kuskure yana iya ƙone ta ƙurmus. Nan kam in ka ce inna lillahi, zan taya ka.

Af, ta kama? Dama wayar allo ce. Ka ce a miƙo maka ka ga gem ɗin Tetris, don kawai ka tabbatar shirme ne? Bi layi, Alhaji, yara uku ne gabanka. Kuma je ka wanke hannu tukuna, man tsire da yaji ba sa shiri da maɓalli.