Usur ɗin Jirgi a Rumfar Mai Faci

A wajen 'yan gwangwan na tsince shi: usur ɗin tagulla, irin na jiragen ƙasa masu cin kwal, waɗanda suka fara shigowa Kano a 1911 kafin dizal ya kore su. Da tururi aka saba busa shi. Ni kuwa ba ni da tukunyar jirgi, sai na nufi rumfar mai facin unguwarmu.

Muka haɗa shi da siririn tiyon da ake ba taya iska. Fuuu kawai ya yi. Mai faci ya juya shi, ya leƙa, ya ce, "Alhaji, ai zanzaro ya yi gini a ciki." Muka kankare laka, muka wanke tsagar da iska ke fita da kalanzir. Har yanzu fuuu.

Ashe abin ba ƙarfin matsi kaɗai yake so ba, yawan iska yake so, a lokaci guda. Aka samo bututu mai faɗi, aka ɗaura shi kai tsaye a jikin tankin iska. Na gyara tsayuwa cikin farar shaddata, na ja mariƙin usur ɗin.

Ruwa ne ya fara fitowa. Tankin iska yana tara ruwa a gindinsa, shi kuma bawan Allahn nan bai taɓa tsiyaye nasa ba. Jan ruwan tsatsa ya wanke ni tun daga hula. Sannan usur ya buɗe murya.

Jama'a! Awaki suka tsinke igiya. Mai shayi ya saki buta. Wata tsohuwa ta leƙo tana tambayar ko jirgin Legas ne. Kafin in saki mariƙi tanki ya ƙare tas, ga 'yan adaidaita sahu a layi da tayoyinsu a kwance, kowa na hararata. Kuɗin man sake cika tankin daga aljihuna ya fita.

Wani dattijo, tsohon ma'aikacin reluwe, ya matso. Na ɗauka yabo zai yi. Sai ya ce, "Yaro, wannan mura yake yi." Wai sauti ya fi gudu a cikin tururi mai zafi, don haka a iska muryar takan yi ƙasa, ta yi kauri.

Da yamma aka kai ƙarata. Mai unguwa ya saurari kowa, ya yanke hukunci: ba za a ƙara busa shi ba sai watan azumi, lokacin sahur.