Takardar Tafiya Ba Dawowa

Masu shan shayi a fadojin Dakoro, ku kwantar da hankalinku, yau ba maganar burtali ko rijiyoyin Tarka na kawo ba. Labarin wata ƙasa ne mai sanyi, Folan, zamanin mulkin gurguzu.

Kafin yaƙin duniya na biyu Yahudawan ƙasar sun haura miliyan 3. Hitila ya yi musu kisan kiyashi, cikin waɗanda suka tsira da yawa suka watse, har ya zamana a 1967 ragowar ba su fi dubu 30 ba. Harshen ƙasar suke yi a gida, kakannin kakanninsu a nan aka binne su, wasu ma ƴan gani-kashe-nin jam'iyya ne. Sai aka gwabza yaƙin kwana shida tsakanin Isra'ila da Larabawa a watan Yunin shekarar. Shugaban jam'iyya, Gomulka, ya tsaya gaban taron ƙungiyoyin ƙwadago ya ce akwai maciya amana a cikin gida. Kowa ya gane Yahudawan ƙasar yake nufi. Abin da wata gwamnati ta aikata a can nesa, sai aka ɗora wa malamin makarantar unguwa da likitar da ta karɓi haihuwar ɗanka. Matar Gomulkan ma asalinta Bayahudiya ce, to wa ya isa ya tuna masa?

A farkon 1968 hukuma ta hana wani wasan kwaikwayo. Ɗaliban jami'ar Warso suka yi gangami ran 8 ga Maris, aka bi su da kulake. Rayuwa ta yi tsanani, jama'a na gunaguni, ga ministan cikin gida, Moczar, yana hangen kujerar maigidansa. Manya duk suna bukatar wanda za a nuna da yatsa. Jaridu suka tono asalin iyayen wasu ɗalibai suka buga. Aka kwaso ma'aikata daga masana'antu, aka damƙa musu alluna masu cewa ƴan Sahayoniya su tattara su tafi. Daga nan sai kora a soja, a jami'a, a ma'aikatu. Wanda ya daɗe yana haɗiyar miyau kan muƙamin wani ko gidansa, kakarsa ta yanke saƙa.

Mai son fita, da hannunsa zai rubuta roƙon a soke shi daga ƴan ƙasa, ya ce Isra'ila za shi, ko da bai taɓa mafarkinta ba. Ya jera kayansa a takarda ɗaya bayan ɗaya, har littattafai, masu kwastan su zazzage su duba. Sannan a miƙa masa wata ƴar takarda mai hotonsa, an rubuta a jiki cewa mai ɗauke da ita ba ɗan Folan ba ne. Da ita zai je tashar Gdanski a Warso ya hau jirgin ƙasa mai zuwa Viyana, ƴan rakiya na waige-waige don kada ƴan sandan ciki su rubuta sunansu. Kusan mutum dubu 13 suka fita a haka zuwa 1971, cikinsu har da masanin zamantakewa Zygmunt Bauman. Mafi yawansu Suwidin da Danmak da Amurka da wasu ƙasashe suka nufa. Hukuma kuwa ta ce ai da ƙafarsu suka tafi.

Dattawan da suka yi zaman zango a Kumasi ba sai an yi musu fassara ba. A Nuwamban 1969 firaminista Busia ya ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar Gana, mutane suka karyar da gida da shago suka hau manyan motoci. Ina kuma jin wasu samari, jikokin waɗanda suka taho arewa da gatari neman gona, suna lissafin wa ya riga wa zuwa duk ranar da damina ta yi gardama ko saniya ta ɓace. Amma na riga na ce ba wannan ta kawo ni ba.

A Disambar 1970 gwamnatin Gomulka ta ƙara kuɗin nama da sauran abinci, ana saura kwanaki Kirsimeti. Ma'aikatan ƙera jiragen ruwa a Gdansk da Gdynia suka fito kan titi. An nemi Bayahuden da za a ɗora wa laifi, sai aka tarar an riga an kore shi. Sojoji suka buɗe wuta, mutum sama da 40 suka mutu, ma'aikata irin waɗanda aka ba alluna a 1968. Ran 20 ga watan aka sauke Gomulka.