Baƙin Gilashi Da Ƙarfe Biyun Dare

Wani ihu ne ya tashe ni daren Talatar nan, wajen ƙarfe biyu. Mu a Sauka Kahuta ihun tsakar dare ba ya wuce ɗayan biyu: ko an kama ɓarawo, ko an kawo wuta. Na ɗaga kai na dubi ƙwan ɗaki, shiru. Sai na rarumi taɓarya na fita. Ashe ƙanin matar maƙwabcina ne, wanda samarin layinmu ke kira Farfesa, zaune a kan bencin mai shayi, ya ƙanƙame waya yana buga kartar poka da wani, yana rantsuwa cewa da sarki ya fito da ya gama da mutumin.

Rigar sanyi mai hula ce a jikinsa, ya ja hular har goshi. A Minna fa, a wannan zafin da mutane ke kwana tsakar gida da jiƙaƙƙen zani. Sannan ga baƙin gilashi.

Na ce, "Kai yaro, ciwon ido kake yi?"

Ya ce, "A'a Kawu. Don kada abokin karawa ya karanci idona ne."

Abokin karawar, in ji shi, ɗan Burazil ne. Kyamarar gaban wayar kuwa tun bara ta tsage, ko hoton kansa ba ya iya ɗauka. Duk da haka Farfesa ya ɗaure fuska tamau, ko ƙiftawa ba ya yi, don kada wani bawan Allah da ke bayan teku ya gane cewa bakwai da biyu ne a hannunsa. Da yake gilashin ya hana shi ganin kartar, sai ya ƙure hasken wayar, batir ya riƙa zuba. In abin ya ci tura, sai ya sauke gilashin zuwa karan hanci, ya saci kallo, ya yi maza ya mayar kafin ɗan Burazil ya ankara. Sauro na cin ƙafarsa ba ya kora, wai motsi yana tona asiri.

Kuma gilashin biyu ne. Wannan na zagayen farko ne, na yau da kullum. Akwai wani a ƙasan akwati, cikin ledarsa, da ya tanada don ranar da za a rage su biyu rak a gasar poka, shi da wani, gaba da gaba. Duk Juma'a yakan fito da shi ya hura masa iska, ya goge da gefen riga, ya mayar. Gasar da yake shiga da dubban mutane ake farawa, shi kuma yawanci kafin ruwan shayi ya tafasa an yi waje da shi. Amma duk karatunsa a kan zaman ƙarshe yake. In ka yi magana ya ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Karatun ma ba na wasa ba. Data ta sati tana ƙarewa a kwana ɗaya wajen kallon YouTube. Ya cika littafi da jadawali: karta 52, kalar hannun farko 169, as biyu sau ɗaya suke zuwa cikin rabo 221. Ya haddace cewa in an rage ku biyu ba a zaman jiran karta mai kyau, don kuɗin dole da ake zubawa kowane rabo zai cinye ka kana zaune. Ƙari ake yi, a matsa wa mutum lamba, a yi masa burga ko hannunka fayau ne. Daga nan sai ya kawo maganar da kowa ya sani: "Kawu, wannan ba caca ba ce, lissafi ne." Hedikwatar NECO dai a garin nan take, su suka fi kowa sanin tsakaninsa da lissafi. Liman kuma ya sha karanta mana aya ta 90 a Suratul Ma'ida, ban taɓa jin ya ce ban da masu jadawali ba.

Gwarzonsa shi ne Chris Moneymaker, wani akanta daga jihar Tennessee a Amurka, wanda ya samu kujera a babbar gasa ta hanyar ƙaramar gasar intanet a 2003, ya je Las Vegas ya yi wa abokin karawarsa Sam Farha burga a zaman ƙarshe, ya tashi da dala miliyan 2.5. Kullum sai mun sha labarin. Abin da ba ya faɗa shi ne mutum 839 suka zauna a gasar ta Las Vegas, kujera dala 10,000, kuma fiye da 700 suka koma gida hannu rabbana. Na kuma gaya masa cewa a Janairun 2017, a birnin Pittsburgh, wata manhajar kwamfuta mai suna Libratus, ta Jami'ar Carnegie Mellon, ta yi kwana 20 tana karawa gaba da gaba da ƙwararru huɗu, rabo 120,000, ta lallasa su. Ba ta da fuska, balle gilashi. Farfesa ya yi shiru, can ya ce ai da ma ba su saka nasu ba.

To ni ba gilashin ne ya hana ni komawa barci ba. Kuɗin da yake turawa na yayarsa ne, na adashin da take zubawa daga sayar da awara a ƙofar gida, hayaƙi na cin idonta tun la'asar. Ya ce mata kwas yake yi a intanet. Masu shafin cacar kuwa ko wa ya ci, ko wa ya faɗi, sun riga sun zare kasonsu tun wajen shiga: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ƙato mai gemu, ya ci tuwon gidan mutane, ya yi caji da janaretansu, ya kwashe guminsu ya miƙa wa wanda bai taɓa gani ba, sannan ya kira abin da sunan horo.

Gaba da gaba na gaskiya kuma yana nan a bakin layi yana jiransa, wato mai shago da littafin bashinsa. Wannan zaman Farfesa bai taɓa yarda an yi ba. Ta lungun baya yake shiga gida, ta kan kwata. Sau ɗaya ya gwada burgar YouTube, ya ce kuɗi na hanya, sabis ne ya riƙe su. Mai shago bai ce uffan ba, ya lashi yatsa ya buɗe shafi.

In dai ƙwarewa ake nema, a bi uwargidana Kasuwar Kure ranar da za ta sayi doya. Mai doya ta yanka kuɗi, ita kuma ta taya rabin rabi, ba kunya ba tsoron Allah. Mai doya ta ce albarka, ta kau da kai tana gyara ɗankwali. Uwargida ta ɗaga doyar, ta juya ta, ta gano mata aibin da ko manominta bai sani ba, ta ajiye, ta kama hanya. Tafiyar nan ita ce ilimin. Ba sauri, ba waiwaye, kunne kawai aka bari a baya. Ni da ke riƙe da buhu zuciyata har bugawa take, don na san ko ƙwayar shinkafa babu a gida, doyar nan dole ce. Mai doya ma ta sani, tunda ta ga fuskata. Shi ya sa yanzu aka hana ni matsowa. An ce in tsaya can wajen masu Keke, in juya baya, kuma kada in kuskura in yi tari.